Ɗigo Biyu da Bokitin Kirsimeti: Abin da Na Gano Game da Tsofaffin Rotary na Garinmu

 A yi mini afuwa idan Hausar ta ɗan yi tuntuɓe, ta gida ce, wadda muka tsinta a bakin Mama a kicin.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ta Ingila ya san mutanen da zan ba ku labarinsu, ko da bai san sunansu ba. Su ne tsofaffin nan da ke zuwa unguwa a watan Disamba, ana tsananin sanyi, mota na jan keken Fada Kirsimeti mai fitilu, su kuma suna bin gida-gida da bokiti a hannu. Muna yara mukan leƙa ta taga muna tsalle. Mama takan ba mu 'yan canji mu jefa, Baba kuwa daga falo yakan ce a rufe ƙofa, iska na shigowa, kuma mutanen nan 'yan ƙungiyar asiri ne. Da wannan maganar na girma, ban taɓa tambaya ba.

Sai wata Asabar a watan Oktoba, ina dawowa daga kanti, na tarar da wasu dattawa biyar sun durƙusa a kan ciyawar bakin titi suna haƙa 'yan ramuka. Ɗaya daga cikinsu ya kasa miƙewa, na ba shi hannu. Hira ta ja, ya tambaye ni asalina, na ce iyayena daga Kano suka zo. Wallahi sai da ya cire safar hannunsa ya sake gaisawa da ni. Ya ce babu ɗan kulob ɗinsu da bai san sunan Kano ba, domin abin da suke shukawa ma saboda yaran wurare irin Kano ne.

Wai wani fure ne da Turawa ke kira crocus, a binne ƙwayarsa a Oktoba, ya fito wajen Fabrairu ko Maris da launin shunayya. Me ya sa shunayya? Saboda irin launin tawadar da ake shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa ne idan an ɗiga masa rigakafin shan-inna, don masu aikin su san an yi masa. Na tsaya ina kallon tsohon nan, gwiwarsa duk taɓo, sai wani ɗan kawuna da ke Kano ya faɗo mini a rai. Zan dawo kan labarinsa.

Su wane ne su?

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Chicago ranar 23 ga Fabrairu, 1905, shi da abokansa uku. Sunan ya samo asali ne daga yadda suke zagayawa da mitin, yau a ofishin wannan, gobe a ofishin wancan. Da farko zumunci ne na 'yan kasuwa da masu sana'a. Aikin gayya na farko da suka yi, ku riƙe dariyarku, shi ne fafutukar gina ban-ɗakin jama'a a Chicago a 1907. A 1917 suka buɗe asusun taimako, kuma kuɗin farko da ya shiga ciki dala 26 ne da santi 50. Yau suna da mambobi sama da miliyan 1 a ƙasashe da yankuna fiye da 200.

Ba fa waliyyai ba ne. Sun daɗe ba sa karɓar mata, sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987, sannan a 1989 ƙungiyar ta buɗe ƙofa ga mata a duk duniya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kulob na farko a duk Najeriya ba a Legas aka kafa shi ba, a Kano ne, a 1961. Kuma baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, marigayi Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya yi rayuwarsa ta aiki a Kano, ɗan kulob ɗin Kano. Ya riƙe shugabancin daga 2003 zuwa 2004. Ku riƙe shekarun nan, za ku ga dalili.

Aikin cikin gida

Dattijon ya gayyace ni mitin ɗinsu, na je, ba tare da na gaya wa Baba ba. A wani ɗakin otal suke haɗuwa da yamma, sau ɗaya a mako. Ba su cika ɗakin ba, galibinsu masu furfura: tsohon malamin makaranta, mai kantin magani, wata akanta, wani likitan haƙori ɗan Indiya. Na zauna ina jiran in ga abin asiri. Abin da na gani shi ne ma'aji ya tashi da takarda yana karanta lissafi, har da kuɗin man motar da ta ja keken Kirsimeti.

Kuɗin bokitin nan, kaso mafi tsoka a garin yake tsayawa. Suna kai kaya rumbun abincin taimako, inda iyalan da wata ya yi musu nisa ke zuwa karɓar taliya da madara da abincin gwangwani. Suna kafa rumfa a tsakiyar gari su kawo ma'aikatan jinya a gwada wa mutane hawan jini kyauta. Suna ɗaukar yara masu naƙasa su kai su wurin shaƙatawa rana guda a lokacin zafi. Suna shirya wa 'yan makaranta gasar magana a gaban jama'a da gasar girki. Suna dafa wa tsofaffin da ba su da kowa abinci a ƙarshen shekara.

A nan na ji kunya ta farko. Na san iyalai namu, Musulmi baƙaƙen fata, da suka ci abincin rumbun nan a lokacin kullen korona a 2020, kuma babu wanda ya tambaye su addininsu kafin a miƙa musu leda.

Aikin ƙetare

Sauran kuɗin shi ke haura teku. Akwai wani shiri da ake kira ShelterBox, wanda wani ƙaramin kulob a yankin Cornwall ya fara a 2000: akwati ne kore, a ciki akwai tanti da barguna da tukwane da abin tace ruwa, a aika wa mutanen da girgizar ƙasa ko ambaliya ko yaƙi ya raba da gidajensu. Akwatunan farko Gujarat ta Indiya aka kai su bayan girgizar ƙasar Janairun 2001. Yanzu shirin ya zama ƙungiya mai cin gashin kanta, amma har yau kulob-kulob irin na garinmu na tara mata kuɗi.

Idan kuma babban aiki ne, irin su rijiya ko kayan asibiti, tsarinsu ya ce sai kulob biyu sun haɗa hannu: ɗaya a ƙasar da za a yi aikin, ɗaya a waje. Na can su ne za su zauna da mutanen gari su ji abin da suke buƙata, su sa ido a kan ɗan kwangila, su rubuto rahoto. In rahoto bai zo ba, babu wani sabon kuɗi.

Amma uwa-uba shi ne shan-inna. A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin. A 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus. A 1988 ta haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, aka ƙuduri niyyar kawar da cutar daga doron ƙasa. A wancan lokacin cutar na gurgunta kimanin yara 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Daga lokacin zuwa yau adadin ya ragu da kashi 99.9 cikin 100. Rotary ita kaɗai ta zuba sama da dala biliyan 2, kuma tun 2013 Gidauniyar Gates ke ɗora dala 2 a kan kowace dala 1 da suka tara, har zuwa wani adadi a shekara. Wato fam ɗaya da Mama ta ba ni na jefa, in ya faɗa wannan asusun, uku yake zama.

Ga waɗanda ba su sani ba: kakanninmu sun kira cutar shan-inna ne saboda imanin cewa wata aljana mai suna Inna ce ke shanye ƙafar yaro. A gaskiya ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida ta shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mafi yawan waɗanda ta kama ba sa nuna komai, amma suna yaɗa ta. Kusan ɗaya cikin 200 ne take shanye wa ƙafa ko hannu har abada. Ba ta da magani. Rigakafi kawai.

Kano, 2003

A tsakiyar 2003 magana ta bazu a Arewa cewa an saka wa ɗigon rigakafin sinadarin hana haihuwa, wasu ma suka ce har da ƙwayar cutar ƙanjamau. Manyan mutane ne suka faɗa, cikinsu har da likita, Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya. Jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin. Sauran sun koma da wuri, Kano kuwa ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Shekarau sai ƙarshen Yulin 2004 ta dawo, bayan an kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Duk wannan na faruwa ne a daidai shekarar da mutumin Kano ke shugabancin Rotary ta duniya. Ikon Allah!

Kafin wani ya ce jahilci ne kawai, a tsaya. Ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya haɗa da yara 200 a Kano. Yara 11 sun mutu, wasu suka naƙasa, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da Jihar Kano. Ga yaƙin Iraƙi ya ɓarke a Maris ɗin 2003. Ga mutane suna ganin asibiti babu maganin zazzaɓi sai ka saya, amma ana bin su har gida da ɗigo kyauta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai ita cutar ba ruwanta da dalilanmu. Daga Arewacin Najeriya ta bi hanyoyin fatake da matafiya ta sake shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta ratsa Chadi da Sudan, ta isa Saudiyya, a 2005 ta gurgunta ɗaruruwan yara a Yaman da Indonesiya. A Najeriya kanta, a 2006 an samu yara sama da 1,100 da ta shanye.

Wayar Baba

Ɗan kawun nan nawa a 2003 aka haife shi. Bai kai shekara biyu ba ya kwana da zazzaɓi, ya tashi ƙafarsa ta hagu ba ta motsi. Yanzu saurayi ne, yana gyaran waya, yana da keken guragu mai tuƙin hannu, kuma ya fi ni barkwanci nesa ba kusa ba. Mun saba hira ta WhatsApp.

Ranar da na gaya wa Baba na je mitin ɗin Rotary, na shirya wa faɗa. Na ba shi labarin furen da tawadar yatsa. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can sai ya ce in zauna.

Ya ce a 2003 ƙanensa ya bugo masa waya daga Kano yana neman shawara, tunda shi ne ɗan boko, shi ne yake Turai, shi ne mai intanet. Shi kuma ya karanta wasu rubuce-rubuce da ake ta turawa ta imel a lokacin, ransa ya ɓaci da abin da ke faruwa a duniya, sai ya ce wa ƙanen kada ya bari a ɗiga wa jaririn komai.

Na ce, "Baba, mu fa? Mu an yi mana?"

Ya ce, "Dukkanku an yi muku. Ni na kai ka da hannuna."

Kuma irin wannan ɗigon na baki ne, domin shi ake bai wa yara a Ingila har zuwa 2004, kafin a koma na allura. Baba ya ce shekara ashirin ke nan bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Mama, kuma shi ya sa yake biyan kuɗin makarantar yaron da duk abin da ya taso. Ban san me zan ce ba. Na dai tashi na haɗa masa shayi. Shi ne ya yarda in rubuta wannan, da sharaɗin kada in ambaci suna.

Na kawo labarin ne don mu gane nauyin maganar wanda ke waje. In ka tura saƙo gida daga Landan ko New York, ana ɗaukarsa tamkar daga bakin wanda ya gani da ido. A da imel ne, yau WhatsApp ne, kuma yanzu yatsunmu ne a kan wayar, ba na iyayenmu kaɗai ba.

Yadda aka ci ƙarfinta, da abin da ya saura

Kuɗin Turawa kaɗai bai kori shan-inna daga Arewa ba, su kansu 'yan Rotary sun faɗa mini haka. Sarakuna ne suka shigo: marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya fito bainar jama'a yana ɗiga wa yara, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya haɗa kan sarakunan Arewa a kan lamarin. Malamai suka yi huɗuba. Waɗanda cutar ta riga ta gurgunta suka shiga lunguna a kan kekunansu suna cewa iyaye su dube su. Sannan ga dubban mata da ke bin gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe tara daga cikin masu wannan aiki a Kano. Allah ya jiƙansu. Sauran suka ci gaba.

A 2012 Najeriya na da yara 122 da cutar ta shanye, fiye da rabin na duk duniya. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a ƙasar a Borno yake, a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. A shekarar ce mujallar TIME ta saka Dakta Tunji Funsho, shugaban kwamitin shan-inna na Rotary a Najeriya, cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya.

Amma aiki bai ƙare ba. Asalin ƙwayar na nan a Pakistan da Afghanistan. Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata a faɗa a fili: ɗigon baki na ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, tana iya yawo tsakaninsu ta daɗe har ta rikiɗe ta sake ƙarfi. Irin wannan ce ake fama da ita a wasu jihohin Arewa. Maganinta shi ne kowane yaro ya samu, kada a bar gurbi. Kada kuma mu ɗauka matsalar can ce kawai: a 2022 an gano irinta a ruwan ƙazantar Landan, har aka kira yara 'yan shekara 1 zuwa 9 a ƙara musu allura, kuma a shekarar ta gurgunta wani matashi a Jihar New York.

To, mu fa?

Mu ma muna da ƙungiyoyi. Wa ya kai iyayenmu zumunci? A yi rasuwa, kafin la'asar an haɗa kuɗin kai gawa. A yi suna, gida ya cika. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikawa gida ya kai kusan dala biliyan 20 a shekara. Kyauta ba ita ce matsalarmu ba.

Amma na tuna wata shekara da ƙungiyar iyayenmu ta tara kuɗin rijiyar burtsatse a wani ƙauye. Aka tura wa ɗan uwan wani, aka turo hotuna, aka yi kabbara. Bayan wata takwas famfon ya lalace, babu wanda aka koya wa gyara, babu kuɗin gyaran, babu wanda ya iya tambayar lissafi don kada a ce ya zargi babba. Har yau akwai gidaje biyu a garinmu da ba sa gaisawa sosai saboda wannan rijiyar.

Abin da na koya a wurin tsofaffin nan guda huɗu ne. Na ɗaya, a karanta lissafi a gaban kowa a kowane zama, har ya zama al'ada, don kada tambaya ta zama zagi. Na biyu, kada a tura kuɗi ga mutum ɗaya, a nemi ƙungiya a can wadda za ta ɗauki alhaki, kuma a fara tambayar mutanen gari abin da suke so. Na uku, a ware kuɗin gyara tun ranar farko. Na huɗu, a riƙe abu ɗaya a daɗe a kansa. Su shekara arba'in ke nan suna kan cuta guda, da yawa daga waɗanda suka fara sun mutu ba su ga ƙarshenta ba. Sannan akwai na biyar, wanda ya fi shafarmu mu 'ya'yan nan: garin da muke zaune shi ma gida ne. Maƙwabci na da haƙƙi ko da ba addininku ɗaya ba, wannan a Islamiyya aka koya mana, ba a Rotary ba.

Batun ƙungiyar asiri kuwa, gaskiya ne akwai malaman da suka yi gargaɗi a kan Rotary suna danganta ta da Freemason, kuma ni ba malami ba ne da zan ba da fatawa. Abin da idona ya gani dai shi ne ƙofa a buɗe, baƙo na shiga, lissafi a fili. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ba dole, ya tambayi malaminsa. Ni kaina ban yanki katin zama mamba ba tukuna, kuɗin shekara da na abincin mako ba ƙaramin abu ba ne ga mai biyan haya. Suna da reshen matasa mai suna Rotaract ga mai sha'awa. Wanda ba ya so kuma, masallacinsu na nan, ƙungiyar ɗalibai na nan, rumbun abincin garinsu na neman hannu ranar Asabar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar 24 ga Oktoba ce Ranar Shan-inna ta Duniya, kuma a makon ne dattawan za su sake fita shuka. Na yi musu alƙawarin zuwa, tunda gwiwata ta fi tasu lafiya. Na gaya wa ɗan kawuna, ya yi dariya ya ce in furen ya fito in turo masa hoto ya ga ko ya kai tawadar kyau. Baba bai ce zai zo ba. Amma shekaranjiya na ji yana tambayar Mama ina ta ajiye tsohuwar safar hannunsa ta aikin lambu.

Allah ya ba mu ikon taimakon na kusa da na nesa, ya raba yaranmu da wannan cuta baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.